Bututun Ƙarshe na Maƙeri

Yayata abar alfaharina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran duka. Yaya ciwon bayan nan da keken ɗinki ya sa miki, wanda har yau kin ƙi yarda shi ne? Yaya 'yata, Akuna? Na san ta cika miki gida da surutu. Ki yi haƙuri da ita, kin san ba a wurina ta gado ba.

Takardarki ta iso, faɗanki ma ya iso, ko ɗigo bai zube a hanya ba. Kin ce na koma aiki da wuri, na ajiye miki yarinya na shige ɗakin da ba taga kamar mai gudun mutane. Na ji, kuma ban ce ƙarya kika yi ba. Amma ki bari in gaya miki abin da ya riƙe ni, ko da yake ke ba ki taɓa gane aikinmu ba tun ranar da na kawo miki Maƙeri ya gaishe ki kafin aurenmu, kika tambaye shi ko yana gyaran rediyo. Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya yana ba mutane wannan labarin.

Shi aikinsa haɗawa ne. Yakan ɗauki ƙarfe iri biyu, ɗaya jan ƙarfen nan na wayar lantarki, ɗaya kuma daga cikin waɗanda ake ce wa ƙarafa masu wuyar samu, mai sunan da ko ni sai na shirya kafin in faɗe shi, disfurosiyam. Ya narkar da su a ruwan magani, ya ɗaure ƙwayar zarrar wannan da ta wancan a ƙulli guda, ƙullin da ido ba zai taɓa gani ba. Sai ya zuba a 'yan kwalabe ya jira har su fito kamar tsabar sukari, kore shar. Ni kuma aikina awo ne. Nakan sa tsabar a na'urar da ke sanyaya abu har kusa da iyakar sanyi, inda babu sauran sanyin da ya wuce shi, in sakar mata ƙarfin maganaɗisu, in janye, in ga ko za ta tuna. Kin ga yadda allurarki kan kwana a jikin mayen ƙarfen da kike tsince allurai da shi, in kin cire ta ta ci gaba da jan 'yan'uwanta? Abin da muke nema ke nan, amma a ƙulli ɗaya tak. Matsalar ita ce ƙullin ba ya tunawa sai cikin matsanancin sanyi. Ɗumi kaɗan ya taɓa shi, ya manta. Duk mai irin sana'armu burinsa ya samo wanda zai riƙe ko da an sassauta sanyin.

Saboda na'urar nan ya sa mini Ƙanƙara, na rama na ce masa Maƙeri. Yakan ce mu ma irin ƙullin nan ne, ƙarfe biyu da ba su dace ba aka ɗaure wuri ɗaya, kuma wai ni ce mai wuyar sunan da wuyar sha'anin.

Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya miƙo mini wani siririn bututun gilashi, bai kai tsawon yatsana ba, da koriyar tsaba a gindinsa, an liƙe bakinsa da wuta. Haka ake yi, a zuƙe iskar ciki ƙaf sannan a narkar da bakin a toshe. Ya ce sabon haɗi ne, in auna masa in na samu sarari, yana jin zai ba ni mamaki. Na ce ya bi layi, akwai na mutane a gabansa. Na jefa shi a aljihun tebur. Sauran kin sani, safiyar nan da na same shi a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Makon jiya ina neman almakashi a aljihun, bututun ya gangaro ya taɓa mini hannu. Na sa shi a na'ura. Ita takan zana layi a fuskar kwamfuta yayin da take gangarawa cikin sanyi, kuma na irin ƙullinmu a kwance yake tafiya, sai can ƙasa-ƙasa yake motsi. Yaya, wannan tun da sauran tafiya, wajen digiri hamsin kafin iyakar sanyin, layin ya ɗago ya yi ƙusumbi sannan ya sauka. Irin wannan haɗin ba a san shi da motsi a nan ba. Na zauna ina kallon ƙusumbin nan tsigar jikina na tashi, kamar an ƙwanƙwasa mini ƙofa daga ciki.

To kin ji abin da ya riƙe ni. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan Aku, ki ce mata ina nan zuwa.

Ƙanwarki,
Ƙanƙara


Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin da sauƙi, kuma kin sa matashin da na ce ki riƙa sawa a kujerar ɗinkin. Na san ba ki sa ba. Na ji daɗin labarin haƙorin Aku da ya fita, na yi dariya ni kaɗai a ofis har mai shara ta leƙo.

Na kai wa Farfesa zanen. Shi ne shugaban sashenmu, shi ya koya wa Maƙeri haɗi tun yana ɗalibi. Mutumin kirki ne, amma harkar awo ba tasa ba ce, abin da na faɗa shi ne a wurinsa. Ya kalli ƙusumbin nan, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Tsoho da shi, hawaye na bin kumatunsa. Ya ce za mu rubuta sakamakon mu aika mujallar masana, sunan Maƙeri a gaba. Kafin in buɗe baki ya ɗauki waya ya kira mahaifiyar Maƙeri, ya gaya mata ɗanta ya bar abin da za a daɗe ana ambatonsa da shi. Da yamma Mama ta kira ni. Rabon da in ji muryarta a sake haka tun kafin rasuwar. Ba ta san ƙulli ba, ba ta san maganaɗisu ba, ta dai ce in riƙe wa ɗanta abinsa da kyau.

Kin tambaye ni yadda nake iya zama a ɗakin. Gaskiya ba na jin ni kaɗai ce a ciki. Farar rigarsa ta aiki tana nan a bayan ƙofa, in na'urar sanyaya ɗaki ta kama sai hannunta ya riƙa lilo, ni kuma na hana a cire ta. Kwalabensa suna nan jere a kan kanta da rubutunsa mai kama da tafiyar kiyashi, kuma su ba su san ya tafi ba. Haihuwa suke ta yi. Kowace safiya sai in tarar da sabuwar tsaba ta fito a wata kwalbar, tana sheƙi, tana jiran mai ita. Ita kuma na'urata akwai wani inji a ƙarƙashinta da ke ja yana saki, ja yana saki, wuni guda. Shekara da shekaru ina aiki a gefensa ban taɓa sauraronsa ba. Yanzu ba na jin komai a cikinsa sai numfashin mai barci.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Bututun nan na auna shi ya fi a ƙirga. Awo ɗaya ya isa, biyu tabbaci ne, abin da ya wuce haka ɓarnar hiliyam ce, ruwan sanyin da na'urar ke sha, kuma ni ce mai yi wa mutane faɗa a kansa. Amma da na ga na'urar ba kowa sai in ɗauko shi. In zauna layin na gangarowa har ya iso wurin ya ɗago. Ba ya saɓa alkawari, Yaya. Shekaranjiya na kama kaina ina ce masa sannu da zuwa.

Sai dai ƙa'idarmu ita ce ba a aika sakamako sai an maimaita shi. Na ɗaure zani na shiga fagen Maƙeri, na haɗa ƙullin da hannuna yadda na sha ganin yana yi. Na kwaikwayi komai, har yadda yake huda murfin kwalba da allura. Abu ɗaya na bari, ɗabi'ar nan tasa da muka sha faɗa a kanta. In ya zuba tsaba a bututu sai ya sa baki ya hure ƙurar da ta maƙale a wuyansa, kamar mai hura shayi. Nakan ce ƙazanta ce, yakan ce injin zuƙe iska zai kwashe komai, har da mitata. Tsabata ta fito kore shar kamar tasa. Na auna, layi ya wuce wurin a kwance ko kallonsa bai yi ba. Na sake haɗawa, na kuma sakewa, shiru. Farfesa ya ce hannu ne, wai ta Maƙeri ta girma a hankali, wataƙila ƙulle-ƙullen sun jeru wani iri daban. Na ce haka ne, na gyaɗa kai.

Akwai wata magana da duk mai irin aikina ya sani game da wannan wurin na digiri hamsin. Yau ba zan iya rubuta ta ba.

Ki gaida kowa. Kar ki bar Aku ta riƙa taɓa ramin haƙorin da yatsa.

Taki,
Ƙanƙara


Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan, da fatan kowa lafiya. Na ga kiranki ban ɗauka ba, ki yafe mini. Da na ɗauka kuka za ki ji, ke kuma ki rufe shago ki kamo hanya.

Injin zuƙe iskar da nake gaya miki ba a ɗakinmu yake ba. Yana can hawa na sama, ƙarshen bene mai tsayi, kuma na'urar hawa ta ginin ta daɗe da lalacewa. Nawa bututun ɗalibai nake ba wa su kai, amma wannan karon na ce in je da kaina in ga ko akwai wani abu da Maƙeri yake yi a can wanda ban sani ba. A tsakiyar benen, inda yake juyawa, na ga kujera 'yar tsugunno a jingine da bango. Tasa ce. Ta gaban teburinsa, mai ƙunar wuta a gefe, wadda na yi ta cigiya na ɗauka wani ne ya ara bai dawo da ita ba.

Ina tsaye a kanta mai shara ta sauko da bokitinta. Ta ce ai shi ya kawo ta da kansa, don ya riƙa hutawa in zai hau. Ta ce takan same shi a zaune ya dafe ƙirji, in ta yi masa sannu ya ce tunani yake yi, kar ta gaya wa madam ya zama rago. Ta ce daga baya ma ta daina ganinsa a benen sam, ta ɗauka ya samu sauƙi ne.

Na sauko na koma ɗakin aikinmu. Na buɗe aljihun teburinsa na ƙasa, wanda ban taɓa ba tun rasuwar, na tarar da ɗan ƙaramin murhun gas na hannu, da guntayen gilashin da ake yarwa in an liƙe bakin bututu. A nan ya liƙe shi, Yaya, a kan teburinsa. Bai hau sama ba. Bai iya ba. Ni kuwa muna gida ɗaya, muna ɗaki ɗaya a wurin aiki, ina ganinsa yana tsayawa a ƙofar gida wai yana neman makulli, alhali makullin na hannunsa.

Yanzu ga maganar da na ƙi rubuta miki. Iskar da muke shaƙa akwai oksijin a cikinta, kuma ita ma maganaɗisu yana janta kaɗan. In ta maƙale a bututu aka sanyaya ta, takan daskare a jikin gilashin, kuma daidai wajen digiri hamsin ɗin nan takan ɗaga layi ta yi ƙusumbi. Wannan shi ne darasin farko da nake koya wa duk ɗalibin da ya zo na'urata. Nakan ce musu duk wanda ya ga tudu a nan kar ya yi murna, ya je ya duba liƙinsa. Ranar da na fara ganin ƙusumbin maganar ta zo mini har bakin zuciya, na kore ta, don Maƙeri bai taɓa ba ni bututu mai iska ba, ko sau ɗaya a duk zamanmu.

Ban tabbatar ba tukuna. Yana yiwuwa ya ba wani ya zuƙe masa kafin ya liƙe. Yana yiwuwa maganar Farfesa ce gaskiya. Ina ta jera wa kaina ire-iren waɗannan, amma tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko a asibiti ranar da likita ya fito yana kauce wa idona.

Ki sa ni a addu'a. Kar ki gaya wa Mama komai in ta kira ki.

Ƙanwarki,
Ƙanƙara


Yayata ta kaina,

Gaisuwa da ban gajiya. Na gode da rigar da kika aiko, ta zauna daidai, sai dai kin ɗinka ta a kan tsohon awona kuma yanzu akwai sauran wuri a ciki. Ina fata maigidan ya warware daga murar. Zanen da Aku ta yi na liƙa shi a jikin na'ura. Ta ba ni kunnuwa kamar na zomo, amma na karɓa.

Na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki bututu fanko, babu komai a ciki, na sa baki na hura kamar yadda yake yi, na liƙe shi da ɗan murhunsa a kan teburinsa. Na sa a na'ura da hantsi, ɗalibai na kai da kawowa a bayana. Layi ya gangaro, ya iso wurin, ya ɗago. Ƙusumbi ɗaya, wuri ɗaya, kamar an tsaga kara. Na ɗora zanen nawa a kan nasa, da ƙyar za ki ce biyu ne.

Na kai wa Farfesa duka biyun, na yi masa bayani a tsaye. Ya jera su a kan tebur ya duba. Sai ya ce kama ba ta zama hujja ba, mai yiwuwa iska na yin haka kuma ƙullin Maƙeri ma yana yi, sun dai haɗu a wuri ɗaya ne. Na ce hanya ɗaya ce ta rabe su, a fasa bututun, a zuƙe iskar da kyau, a sake auna wannan tsabar dai. Ya ce ba zai tilasta mini ba. In na ga dama mu bar bututun yadda yake, mu rubuta abin da muka gani da ɗan taka-tsantsan, wasu su zo su bincika. In kuma na ga dama mu ajiye maganar gaba ɗaya, shi zai san abin da zai gaya wa Mama. Ya ce zaɓin nawa ne, mijina ne.

Na farkon ba zan iya ba. Duk mai awon da ya ga zanen nan zai gane a kallo ɗaya, kuma sunan Maƙeri ne a gaba, shi za a yi wa dariya, mutumin da bai taɓa sakin aiki rabi da rabi ba sai da zuciyarsa ta ƙi hawa bene. Na biyun shi ne yake jana, kuma shi nake tsoro. Don in gaya miki gaskiya, Yaya, yanzu ba sakamakon nake wa kwaɗayi ba. Na san abin da ke cikin gilashin nan. Ya zuba tsaba, ya hura, ya liƙe. Rigunansa sun daina ƙamshinsa, muryarsa da ke wayata na saurara har ta zama ta baƙo. Wannan numfashin kaɗai ya rage wanda ya fito daga ƙirjinsa, kuma in na kira shi a cikin sanyi yana amsawa.

Kin rubuta cewa Aku ta daina tambayar yaushe zan zo. Kin sa shi a ƙarshen takarda kamar ba komai ba, amma na san ki, da gangan kika ajiye shi a nan. Ya shiga.

Bututun yana gabana yanzu a kan farin ƙyalle, da 'yar zartar da ake yi wa gilashi tsaga a gefensa. Tun azahar nake kallonsu.

A gaida yara.

Ƙanƙara


Yayata, uwata ta biyu,

Ina miƙo gaisuwa gare ki da maigidan da yara, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya, kuma wannan karon ba don in rufe miki baki na faɗa ba.

Na fasa shi. Da safe ne, kafin ɗalibai su cika ɗakin. Na auna shi sau ɗaya na ƙarshe, na bar layin ya ɗago ya sauka. Na jira sanyin ya sake shi har ya yi ɗumin hannuna. Na ja masa zarta a wuya, na naɗe shi a ƙyalle, na kawo shi kusa da fuskata. Kar ki yi mini dariya, na ɗauka wani abu zai fito, ko ɗan huci ne, in shaƙa. Na manta abin da na sani sarai, cewa bututun da aka liƙe da zafi in ya huce iskar cikinsa takan ɗan takure. Da na karya shi sai na ji ɗan sauti ƙanƙani, tsit, kuma ba waje ya yi ba. Ciki ya ja. Numfashina ne ya shiga wurin nasa. Na tsaya da guntaye biyu a hannu, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Bayan na wanke fuska na juye tsabar a sabon bututu, na hau benen da kaina. Na zauna a kujerarsa a tsakiya, ba don na gaji ba. Na bar injin ya zuƙe har ya ƙoshi, na liƙe, na sauko na auna. Layin ya zo digiri hamsin ya wuce a kwance. Babu ƙusumbi, babu alamarsa. Iska ce, Yaya.

Na kusa kashe na'urar, amma hannuna ya saba, ya bar ta ta ƙarasa gangarawa. Duk watannin nan idona na kan ƙusumbin, ban taɓa tsayawa na tambayi ƙasan layin yadda ya kamata ba. A can, dab da iyakar sanyi, na sakar wa tsabar maganaɗisu na janye, sai ta riƙe. Ba da daɗewa ba, kuma da ɗumi ya ɗan taɓa ta ta manta kamar sauran. Amma ta fi duk abin da ya taɓa haɗawa riƙewa, jan ƙarfen ya tallafi abokinsa kamar yadda ya yi ta fata. Na ɗauko tawa tsabar da na raina, ita ma ta yi haka. Wannan ne mamakin da ya ce zai ba ni. Ƙarami ne, ba wanda za a buga a jarida ba, masu irin aikinmu kaɗai za su karanta su gyaɗa kai. Amma nasa ne, kuma kowa ya haɗa zai samu.

Farfesa ya ce shi zai kira Mama, na ce a'a, ni zan je. Na je jiya. Na zauna a gabanta na gaya mata babban abin da aka yi mata albishir da shi babu shi, ƙarami ne ya rage. Na gaya mata labarin benen da kujerar. Ta tambaye ni ko ƙaramin gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Ta ce to shi take so, don ɗanta tun yana yaro bai iya ƙarin gishiri ba, kar a koya masa bayan ransa. Daga nan ta yi mini faɗan ramewa, kamar kun haɗa baki.

Na sauke farar rigar daga bayan ƙofa na ninke. Kwalaben na raba wa ɗalibansa su ci gaba da su. Injin nan na ƙarƙashin na'ura yana nan yana ja yana saki, kuma wani lokaci har yanzu nakan juya. Ban ce miki na warke ba. Kujerar dai na bar ta a benen, wani ma zai gaji.

Ina tafe ƙarshen mako in Allah ya yarda. Kar ki gaya wa Aku, kar mota ta ɓata mana lokaci ta wuni a bakin ƙofa. Guntayen gilashin biyu na naɗe su a ƙyallen zan taho da su. Ki nemo mini ɗan yadi mai ƙarfi ki ɗinka musu jaka, ƙarama, daidai tafin hannu. In Aku ta girma ta tambaye ni mene ne a ciki, zan gaya mata babu komai, amma ubanta ya taɓa hurawa.

Sai na zo. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ba ki wahala,
Ƙanƙara, matar Maƙeri